Tun da aka rushe majalisun gari, wa ya yi kewar kansilansa?

Mushe Mai Ritaya:
Salamu alaikum mutanen zaure. Jiya bayan La'asar muna zaman makoki a unguwarmu nan Tawa, hira ta biyo ta kan kwalbatin da ya toshe bayan gidajenmu. Wani ya ce da a da ne sai a kai wa kansila kuka. Sai na tambayi waɗanda ke kan tabarmar, mun kai mu goma sha biyar: wa ya tuna sunan kansilan da ya zaɓa a Disamban 2020? Mutum biyu suka amsa. Ɗaya surukinsa ne, ɗayan kuma yana bin kansilan kuɗin siminti.

Tun ranar 4 ga Afrilun 2024 sojojin da suka karɓi mulkin Nijar suka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na birane da na jihohi, aka naɗa masu riƙo, waɗanda ake ce wa AD. Ni dai ban ji wanda ya yi ko tari ba. Shekara ashirin ana gaya mana a rediyo cewa an kusanto da mulki ga talaka, rana ɗaya aka naɗe tabarmar, talakan bai ko waiwaya ba. Shin ba mu so abin ba ne tun farko, ko kuwa ba a taɓa ba mu shi ba?

Ɗan Ƙonni:
Wa'alaikumussalam Mushe. Wanda bai ci nanin ba, nanin ba ta cinsa. Me aka ƙwace mana da za mu yi kuka?

Ɗalibin Shari'a:
Baba Mushe, a yi wa mutanen tabarmar uzuri. Ba su zaɓi mutum ba, jerin sunayen jam'iyya suka jefa wa ƙuri'a. Hoton da suka dangwala wa yatsa na jam'iyya ne, ita ce ta jera sunaye, ita ta san wanda ta sa a sama da wanda ta sa a ƙasa. Magajin gari ma ba mu ke zaɓensa ba, kansiloli ne ke zaɓensa a tsakaninsu. To wanda ba ka zaɓa da sunansa ba, ta yaya za ka riƙe sunan shekara huɗu?

Tsohon Kansila:
Yaro ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Ni na yi kansila a wata ƙaramar hukumar karkara cikin Adar tun zaɓen Janairun 2011, ba zan faɗi wacce ba. Ku bari in gaya muku yadda munka yi zaman nan.

Doka ta ce a yi zama duk wata uku. A zaman kasafi mu kan rubuta kuɗɗi masu kyan gani bisa takarda: azuzuwa kaza, rijiya kaza, gyaran mahauta. Mu ɗaga hannu, sakatare shi rubuta, a aika wa pirefe, wakilin gwamnati a gunduma, shi duba. Shekara ta ƙare ba mu tara ko rabin abin da munka rubuta ba. Ina kuɗɗin za su hito? Lanho ne, wato haraji, dala ɗari da arba'in bisa kan mutum, wanda sarki da hakimai ke tarawa su cire rabonsu. In damana ta yi gardama, wa ke da fuskar da zai tambayi mai gida lanho alhali rumbunsa wayam, samarin gidan duk sun tahi bida? Sai tikitin kasuwa, sai na bisashe, sai na tasha. Abin da anka samu, albashin ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari, ke cinye shi, shi ma da bashin watanni. Na ga ranar da magajin garinmu ya ari kuɗɗin mai wurin wani mai shago don shi kai ga taron da gwamna ya kira.

Azuzuwan da anka gina a zamaninmu, in ka duba allon da ke bakin ƙofa, sunan furoje, wato shirin masu kawo tallafi, za ka gani. Mu namu shi ne mu sa hannu mu tara mutane ranar buɗewa.

Mutane kuwa ba kasafi suke tambayarka ba. Kahin ka gama sallar Asuba akwai mutum uku ƙofar gida: wannan da takardar magani, wannan matarsa ta haihu babu ragon suna, wannan ɗansa na hannun jandarma. In ka ce ba aikin kansila ba ne, sai a ce ka yi girman kai.

Hajiya Mai Albasa:
Elhaji ka tuna mini. Ni ma hwa an taɓa sa ni cikin jerin nan. Sunka zo har rumfata sunka karɓi katin ɗan ƙasata, wai doka ta ce sai da mata. Na ce me zan yi? Sunka ce ba komi Hajiya, sunanki kawai muke so, kina can ƙasa. Daga ranar ban sake ganinsu ba sai da sunka maido katin.

Ɗalibin Shari'a:
Inna, dokar kason mata ce. An fara da kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe a 2000, aka kai 15 a 2014, sannan 25 a 2019.

Hajiya Mai Albasa:
To ni kashin cika lissahi na zama ke nan, ɗana.

Ma'aikaci A Yamai:
Ina bin ku tun ɗazu. Kada a ɗora wa Yamai komai. A Janairun 2016 gwamnati ta sa hannu ta miƙa wa ƙananan hukumomi da jihohi fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Akwai kuma hukumar ANFICT da aka kafa don ta riƙa zuba musu kuɗi. Amma ku faɗi tsakaninku da Allah, meri nawa ke da ma'aikacin da zai iya shirya takardun kwangila daidai? Wasu kansilolin ko karanta kasafin da suke ɗaga wa hannu ba sa iyawa, da Faransanci yake. Sannan maganar filaye. Kowa ya san magadan garin da suka yanka filin makaranta da na maƙabarta suka sayar, fili ɗaya mutum uku kowa da takardarsa. Wannan ba daga Yamai aka aiko shi ba.

Tsohon Kansila:
Maganar hilaye ban musa maka ba, an yi, kuma abin kunya ne. Amma fannoni huɗun nan naka, an ba mu jaki ne anka riƙe akala da buhun dusa. An ce makaranta tamu ce. Malamin daga Yamai ake ɗaukarsa, daga can ake biyansa, daga can ake canza masa wuri. Mu abin da ya rage mana shi ne duk watan Oktoba mu bi iyaye su kawo kara da zana a kafa rumfunan karatu. Bayan gobarar da ta ci yara cikin irin azuzuwan nan a Yamai da Maraɗi a 2021, kowa ya ce a daina zana. Da wane kuɗɗi? Wanda ya riƙe tukunya shi ya san inda miya ta tsaya.

Bagobirin Madawa:
Ku ƙyale Bazabarmen nan, ya ƙoshi da dambun kopto a bakin kogin Isa yana koya mana tattali. Ku sakar mana mara kawai. Kowace jiha ta zaɓi gwamnanta, ta riƙe arzikinta, ta aika wa Yamai abin da ya samu.

Ma'aikaci A Yamai:
Bawana, wa ya ba ka izinin magana gaban ubangijinka? In aka bar Bagobiri da baitulmali, kafin wata ya kama ya ƙare a wurin kokowa.

Amma da gaske, ka yi lissafin abin da kake nema? Yuraniyom yana Agadas. Man fetur yana Agadem cikin jihar Difa, matatar tana Damagaram. Zinariyar Samira tana Tilaberi. In kowa ya ce nasa nasa ne, ku a Tawa sai ku biya malamai da likitoci da simintin Malbaza da albasar Galmi da kuɗin kwastan na Ƙonni. Doso fa? Ba don kowa ya zuba cikin ƙwarya ɗaya ba, da wasu jihohin ko alli ba za su saya ba.

Ɗan Ƙonni:
Ni da nake kwana ina tashi da mutanen Ilelar Najeriya, bari in ba ku labarin tarayyar da ake kwaɗayi. Gwamnan Sakkwato zaɓensa ake yi, gaskiya ne, kuma yana da kuɗi a hannu, yana iya cewa a yi hanya a yi ta ba tare da ya jira Abuja ba. Wannan na yaba. Amma ka sauka ƙasa ka ga ciyaman. Yaron gwamna ne. Kuɗin ƙaramar hukuma ta hannun jiha yake biyowa, abin da aka ga dama shi ake sako masa. Sai da maganar ta kai kotun ƙoli, a watan Yulin 2024 ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye. Ka ga ke nan abin da muke kuka da shi a kan Yamai, su a kan babban birnin jiharsu suke yinsa. In aka ba Tawa irin wannan iko, mutumin Buza ko na Bagarwa zai koma yana cewa Tawa ta cinye.

Bagobirin Madawa:
Ko da haka ne, gara mai cin nan ya zama wanda motar haya ta jika uku za ta kai ni ƙofarsa.

Ɗiyar Azawak:
Iyayena da yayyena, ku yi mini haƙuri in sa baki. Kuna maganar kamar wani ne ya zauna a ofis ya ga dama ya ƙirƙiro ƙananan hukumomi. Mu a arewa ba haka muka san tarihin ba. Bayan kisan da aka yi wa Abzinawa a Cintabaraden a watan Mayun 1990 aka shiga tawaye. Ƴan tawayen tsarin tarayya suka nema da farko, gwamnati ta ce ƙasa ɗaya ce ba ta rabuwa. Inda aka haɗu a tsakiya shi ne rarraba mulki. Da shi aka yi yarjejeniyar Wagadugu a 1994, da shi aka sa hannu a ta 24 ga Afrilun 1995, ranar da har yau ake hutu dominta. Kuma duk da haka sai Yulin 2004 aka samu majalisun da suka zauna da gindinsu, 265 a faɗin ƙasa.

Ku a kudu kuna da sarki kusa, kuna da pirefe kusa, shi ya sa meri ta zame muku ƙarin ofis kawai. Kakata kuwa ta haifi ƴaƴa tara babu mai takardar haihuwa ko ɗaya, don wanda zai sa hannu yana tafiyar kwanaki bisa raƙumi, kuma in ka je sai da tafinta. Ranar da aka ce ɗan rugarmu ne ke riƙe da hatimi, yana jin Tamashek, ya san wace rijiya ce ta wane dangi, wannan ba ƙaramin abu ba ne wurinmu. Tasara da Tiliya ma sai 2011 suka zama gundumomi.

Ku duba kuma waɗanda suka bi ta wannan ƙofa. Mohamed Anako da ya riƙe bindiga shi ya zo ya shugabanci majalisar jihar Agadas. Brigi Rafini magajin garin Iferwan ne kafin ya yi shekara goma yana firaminista. Da Mali ta kama da wuta a 2012, arewacin Nijar bai bi ta ba. Ban ce dalili ɗaya ne ba, amma mutumin da ke da kujera a majalisa ba ya saurin komawa dutse.

Mushe Mai Ritaya:
Allah ya yi miki albarka ɗiyata. Ga shi kin amsa mini rabin tambayata: akwai waɗanda suka yi kewa, ba su ne ke kan tabarmarmu ba.

Ɗiyar Azawak:
Amin Baba. Amma kada a ce na wanke tsarin. Dokar ma'adinai ta ce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ake samu ya koma wa ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo abin, haka ma na fetur. Shekara da shekaru zaɓaɓɓun Agadas da na Difa suna bin bashin wannan kaso. Hanyar Tawa zuwa Arlit da yuraniyom ke bi kuwa, wanda ya bi ta ya san yadda ta koma.

Mai Kula Da Zaure:
Jama'a muhawara ta yi daɗi. Tunatarwa kawai: ban da zagi, ban da kiran sunan wanda ba ya nan ya kare kansa, kuma kowa ya san lokacin da muke ciki, a auna magana kafin a tura.

Ɗalibin Shari'a:
To a koma kan ƴan siyasa, don Baba ya tambayi ra'ayinsu su ma. Ni abin da na lura, babu jam'iyyar da ba ta rubuta rarraba mulki cikin alkawuranta ba, kuma babu wadda ta hau ta saki. A Fabrairun 1999 an yi zaɓen ƙananan hukumomi zamanin shugaba Ba'are, da aka ga inda sakamako ya nufa sai aka soke da yawa daga ciki, wata biyu bayan nan aka kashe shi, zaɓen ya bi ruwa. Majalisun 2011 wa'adin shekara biyar gare su, ya kamata a sake zaɓe a 2016. Aka yi ta ɗagawa ana ƙara musu wa'adi har 13 ga Disamban 2020. A tsakanin nan majalisar ministoci ta tuɓe magadan gari da dama. A Yamai kaɗai an tuɓe Umaru Dogari a 2013, an tuɓe Asan Saidu a 2017, aka naɗa wanda ba a zaɓa ba ya riƙe birnin. Wato naɗa mai riƙo ba sojoji suka fara shi ba, farar hula ne suka share musu hanya.

Tsarin mulkin 2010 cewa ya yi Nijar ƙasa ce dunƙulalliya, ya kuma hana kafa jam'iyya bisa yanki ko ƙabila. Shi ya sa ba za ka ji babban ɗan siyasa ya hau mumbari ya ce a ba jiharsa cin gashin kai ba, nan take za a ce ɗan ɓangaranci ne. Amma kowa ya san inda kowace jam'iyya take da gindi.

Baƙon Abijan:
Yawwa, nan nake jira a zo. Ku bar ganin laifin ƴan siyasa su kaɗai, abin da muke saye shi suke kasawa. Wane ɗan takara ya taɓa zuwa Adar ya ce ku zaɓe ni in ƙara wa majalisarku iko? Da ya faɗi haka ko ruwa ba za a ba shi ba. Cewa suke: ku zaɓi naku ya je sama ya ɗebo muku. Mu kuma mu yi tafi.

Kuma mun ga amfaninsa, kada mu yi munafunci. Da ɗan Dandaji, Mahamadu Isufu, ya hau shugabancin ƙasa a 2011, wa bai ga canji a jihar nan ba? Da aka yi Tawa Sakola a 2017, lokacin da aka kawo bikin ranar Jamhuriya nan Tawa, na zo gida ban gane wasu tituna ba: kwalta, fitilu, gine-gine. Majalisar birni ce ta yi? Majalisar jiha ce? Daga sama aka sauko da shi. To talakan da ya ga haka da idonsa, ya kuma ga kansilansa na aron kuɗin mai, wanne kake so ya ɗauka da muhimmanci? Ya gane cewa ɗa a fada ya fi hatimi a gida. Matsalar ita ce fada ɗaya ce, jihohi takwas. In naku ya sauka sai ku koma layi.

Mu nan da muke tara kuɗi duk wata, mun gina masallaci da ɗakin haihuwa a garinmu, ba mu bi ta meri ba. Da muka nemi a turo ungozoma sai aka ce sai an rubuta Yamai.

Bagobirin Madawa:
Kai dai ka faɗi abin da ake gudu.

Ma'aikaci A Yamai:
Na yarda da Baƙon Abijan a nan. Zan ƙara da cewa ministoci da manyan daraktoci ba sa son sakin kuɗin don kwangila a nan take. Wanda ya saki kasafin gina azuzuwa ya saki masu zuwa gaishe shi. Wannan a cikin gida nake faɗa muku.

Tsohon Kansila:
Allah shi biya ka da wannan gaskiyar. Saura sarakuna, ba wanda ya taɓo su. Doka ta ba su kujera cikin majalisa, suna magana amma ba su jefa ƙuri'a. Sai dai wa zai ɗaga hannu shi saɓa wa sarki yana zaune yana kallonsa? Galibin ƙananan hukumomin bisa iyakar yankunan sarauta anka yanka su, ga kuma rigimar wane gari za a aje meri, wadda wasu wuraren har yau ba ta mutu ba. Wurinmu in magajin gari ɗan gidan sarauta ne, sai a ce sarki ya haɗa biyu. In ba ɗan gidan ba ne, sai lanho shi ƙi taruwa.

Ranar zaɓen magajin gari kuwa, kada in ba ku labari. An kwashe mu cikin mota anka kai wani gida a wani gari, anka karɓe wayoyinmu kwana biyu, wai kada abokan hamayya su saye mu. Nama dai mun ci.

Mushe Mai Ritaya:
Hajiya, ke da kike biyan tikiti kullum, me ya canza tsakanin da da yanzu?

Hajiya Mai Albasa:
Mushe, tikiti bai canza ba, yaron da ke yagarsa ma shi ne dai. Gaskiya mai riƙon da anka kawo muna ya kwashe juji, ya buɗe hanyar da manyan motoci ke shiga lodi, abin da munka yi shekaru muna roƙo. Ba ya tsoron kowa don ba ya neman ƙuri'ar kowa. Ranar da ya ce a tashe rumfunan bakin hanya ma haka ya yi, ba sallama, har da ta wata gwauruwa mai ɗiya biyar.

Na da, ko bai yi aiki ba, na san uwarsa. Na taɓa tare shi wurin biki gaban mutane na ce masa ruwa na shiga rumbunan albasarmu, ya ji kunya, bayan sati ya aiko da tifa biyu ta ƙasa. Wannan kuwa akwai mai bindiga a ƙofarsa, kuma an ce gobe ana iya ɗauke shi a kai wani wuri. Ban san wanda zan kai ƙararsa ba in ya yi ba daidai ba. In kun ce in zaɓa, ni dai a ba ni mai aikin wannan da kunyar wancan.

Ɗan Ƙonni:
Hajiya wannan sai a aljanna.

Ɗalibin Shari'a:
Tun Maris na 2025 jam'iyyun ma an rushe su. Ke nan ko yau aka ce a yi zaɓen kansiloli, sai an fara sanin da wane jeri za a yi shi. Ni da za a tambaye ni, a bar mutane su zaɓi magajin gari da sunansa, a kuma rubuta cikin doka kason da zai riƙa sauka asusun kowace ƙaramar hukuma ba sai an roƙa ba.

Bagobirin Madawa:
Da gwamna.

Ma'aikaci A Yamai:
Kai da gwamnan nan naka. Je ka sha fura.

Mushe Mai Ritaya:
To ni kwalbatinmu fa? Damana ta ƙarato. Elhaji, kai da ka san hanya, wa za mu rubuta wa?

Tsohon Kansila:
Ku tara sa hannun masu gidaje, mai unguwa shi sa hatimi, ku kai wa sakataren meri, shi bai canza ba. Ku riƙe kwafi. Kada ku aika yaro, ku tahi ku uku masu furfura. In akwai wanda ya yi aji ɗaya da mai riƙon, ku sa shi gaba.

Ni ma yau da asuba wani ya buga mini ƙofa da takardar magani. Na ce masa ai an rushe mu tun bara waccan. Ya ce shi bai ji ba, kuma yarinyar tun jiya take amai. Na ba shi jika biyu.